Irin Kaurar da Na Ba Hajjo

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Tabawa,

Bayan gaisuwa mai yawa, da durƙuso irin na ɗiya gaban uwa, ina fatan kina hutawa lafiya wurin Ubangijin da kika bi. Mu nan gefen Karare muna lafiya, sai gwiwa da ido, waɗanda kin san ba su ƙyale tsohuwa. Ni ce Kande, wadda aka sa wa Rifkatu ranar baftisma, sunan da har kika bar duniya harshenki bai yarda da shi ba. Yanzu na girme ki, Inna. Na wuce shekarun da kika yi, haƙorana ma sun fi naki ƙaranci.

An ba ni saƙo in kawo miki, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Sai dai ba zan faɗe shi ba sai na fara faɗin nawa, don nawa ne ya haifi wancan. Na san matan ikilisiyarmu za su ji wasiƙar nan, don ni da kaina zan karanta musu. Su ji. Abin da na ɓoye ya isa haka.

Kin tuna ɗakin girkinki. Duk kaka, kafin a ɗaure hatsi, sai ki shiga gona da kwando ki bi kara ɗaya bayan ɗaya kina zaɓen zangarniyar da ta fi cika. Ki ɗaure su kashi-kashi, ki rataye a tsaiko daidai kan murhu, inda hayaƙi zai riƙa ratsa su har damina, don ƙwaro ba ya zama inda hayaƙi yake. Kowa yana ajiye iri haka, amma naki aka fi yarda da shi. Daga Karare har Darini, wanda yunwa ta sa ya cinye irinsa, ƙofarki yake zuwa, Musulmi da Bamaguje da mu 'yan tsirarun da muka bi bishara. Ba ki taɓa tambayar mutum inda yake fuskanta in zai yi addu'a ba.

Ke ba ki iya karatu ba, kuma ba ki ji kunyar faɗa ba. Ni malamin bishara ya koya wa, shi da ke zuwa da keke sau ɗaya a wata, ya zauna gindin tsamiya yana fifita da hularsa. In na karanta miki Littafi da hantsi kina tankaɗe, labaran kina jin su ki wuce, amma da an zo kan wani suna na Ubangiji sai ki ɗaga hannu ki ce in tsaya, in maimaita. Da sunayen suka yi miki yawa, kika rasa inda za ki ajiye su, sai kika raba wa ɗaurin irinki. Farfara ita ce Allah na Gaskiya. Geron zango, Allah Rayayye. Maiwa, da yake ita ce ke riga kowa shiga ƙasa ta kuma zama ta ƙarshen fita gona, kika ce Farko da Ƙarshe. Wake, wanda ake shukawa tsakanin hatsi, Allah Tare da Mu. Jar dawa, Mashaidi Mai Aminci. Kaura kuwa, wadda kika fi ji da ita, wadda kika gada daga uwarki, ita kika ba Amintacce.

Kullum da safe kafin ki hura wuta sai ki bi su kina taɓawa da muciya kina kiran sunayen, wannan ce addu'arki ta safe. Yayana Bawa yakan yi miki tsiya, wai wata rana za mu tashi mu tarar an yi tuwo da Farko da Ƙarshe. Maƙwabta ma suka ɗauka. Mace za ta yi sallama ta ce a ɗebo mata daga Amintacce, tana dariya, ke ma kina dariya.

Na taɓa tambayarki me ya sa sunayen gaskiya kika fi tarawa, alhali akwai Makiyayi, akwai Mai Ceto. Kika ba ni labarin kakana, mahaifinki, zamanin da Katsina ke kai gaisuwa Sakkwato, tun ba a ga Bature ba. An kira shi gaban alƙali kan iyakar gona. Abokin shari'arsa Musulmi ne, ya dafa littafinsu. Shi kuwa Bamaguje, aka ajiye masa ruwan fartanya ya lasa, ya ce in ƙarya yake yi ƙarfe ya ci shi. Kina yarinya kina leƙe ta bayan zana. Kika ce tun ranar kika gane mutum ba ya rantsuwa sai da abin da ya fi shi, don shi kansa ya san maganarsa ba ta isa ta tsaya ita kaɗai ba. Da kika ji daga baya cewa Ubangiji da zai yi alkawari ya duba bai ga wanda ya fi shi ba, sai ya rantse da kansa, kika ajiye rariya kika ce, “To wannan shi ne Allah. Sauran duk masu lasar ƙarfe ne.”

Haka kuma ranar da na karanta miki inda Yesu ya kira kansa Gaskiya. Kika sa na maimaita sau uku, kina zaton na tsallake wata kalma. Kika ce ɗan Adam iyakarsa ya faɗi gaskiya yau, gobe a gani. Wanda zai buɗe baki ya ce shi ne ita, ko dai ya taɓu, ko dai ba tsaranmu ba ne. Wannan sunan ba ki rataya shi a kan kowane ɗauri ba, kika ce ba ki da irin da zai ɗauke shi.

Akwai maganar da kike yi wa duk wanda ya zo karɓa, har mun haddace ta: “Iri ba a ganin cikinsa. Bakin mai ba da shi ake shukawa.”

To, Inna, ga shekarar. Ƙanwarki ta kwanta ciwo can ƙasar Safana, kika tafi jinya bayan an gama ɗaurin hatsi, ba ki san za ki yi wata biyar ba. Kina kan jaki kika juyo kika ce mini in riƙa hura wuta a ɗakin nan kullum, ko ban dafa komai ba. Na ce to. Na yi sati biyu ina yi. Daga nan hayaƙin ya ishe ni, yana sa mini jan ido, ni kuma lokacin budurwa ce mai son a ga farin idonta a kasuwar Batsari. Na kafa duwatsu uku a tsakar gida gindin bedi, inda iska ke kaɗawa, na ja ƙyauren ɗakin na rufe. Bawa namiji ne, tuwo ya sani, bai san inda aka tuƙa shi ba.

Sai da hadari ya fara haɗuwa a gabas na buɗe ɗakin. Na taɓa ɗaurin kaura, gari ya zubo mini a fuska. Na murza zangarniya ɗaya a tafin hannu, ƙwayoyin suna nan da siffarsu, amma kusan kowace da ɗan rami, cikinta fanko. Farfara da gero an taɓa su kaɗan, za su yi. Kaurar ce ƙwaro ya yi wa gida. Na ce wa Bawa bana mu shuka farfara a babbar gona, ban gaya masa dalili ba, shi ma bai tambaya ba.

Kwana uku bayan haka Hajjo ta zo. Ƙawarki, Bafulatanar da mijinta ya rasu ya bar ta da gona ɗaya da 'yan shanu, wadda kuke musayar nono da daddawa tun kafin a haife ni. Tare da ita akwai ɗiyarta Dije, tsarata, wadda muke zuwa rijiya tare, muke yi wa juna kitso. Hajjo ta ce rani ya yi tsawo, sun cinye irinsu, a ba ta daga Amintacce. Na shimfiɗa musu tabarma, na ba su ruwa, na zagaya bayan ɗaki. Na sussuka kaurar, na sheƙe ta sau uku har garin ya bi iska, na zuba a ƙwarya mai zurfi na rufe da faifai. Hajjo ta tambaye ni ko lafiyarsa lau. Na ce irin Inna ne, ai kin san shi. Ba ta ko ɗaga faifan ba, ta ɗora a ka.

Na sha gaya wa kaina tsoro ne ya sa ni, tsoron faɗanki. Ba haka ba ne, don ke ba mai faɗa ba ce. Kunya ce. Ban so Dije ta je rijiya ta ce Kande ta bar irin uwarta ya lalace ba. A raina kuma na ce wataƙila rabi ya fito, rabi ai ya isa.

Rabi bai fito ba. Hajjo da Dije suka shuke gonarsu kaf bayan ruwan farko, suka jira. Tsiro ya fito jefi-jefi, nan ɗaya, can ɗaya bayan taki goma. Hajjo ta ƙara jiran kwanaki, don ba ta yarda irinki zai ƙi ba, ta ce ƙasa ce ba ta sha sosai ba. Kafin ta haƙura ta nemi wani irin, shuka ta wuce. Ita kuma farfararmu, da ke kan hanyar rijiya inda kowa ke gani, ta fito kamar an jera. Mutane ba makafi ba ne. Aka ce Tabawa ta san irin matacce ne, shi ya sa ɗanta bai shuka shi ba. Wasu suka ƙara da cewa halin masu sabon addini ke nan, su yi maka dariya su ba ka abin da ba za su ci ba.

Kika dawo bayan an binne ƙanwarki. Kafin nan na koma hura wuta a ɗakin safe da yamma, ina zaton hayaƙin sati uku zai rufe na wata huɗu. Kika ajiye kaya, ko ruwa ba ki sha ba, kika shiga. Ina bakin ƙofa. Kika ɗaga kai kika dubi tsaiko, kika sa muciya kika naɗo yanar gizo mai kauri daga kusurwa, kika ce gizo ba ya saƙa inda hayaƙi ke kwana. Kika murza abin da ya rage na kaurar. Sannan kika dube ni kika ce, “Ba zan tambaye ki ba, Kande, don kada in sa ki yi ƙarya ta biyu. Ranar da kika shirya, kin san hanyar gidan Hajjo.”

Washegari kika tafi ke kaɗai. Abin da kika gaya mata, daga baya na ji a bakin mutane, shi ne irin daga ɗakinki ya fito, kuma ke ce mai ɗakin. Ba ki yi ƙarya ba, ba ki kuma kira sunana ba. Da kaka kika ɗora wa jaki dawa kika aika mata, ta dawo da shi da kayansa yadda yake, ko igiyar ba ta kwance ba. Kafin bazara ta sayar da karsanar Dije, wadda mahaifinta ya ba ta ranar suna, suka tattara suka koma Wagini wurin ɗan'uwanta. Dije ta wuce ni a kasuwa sau da yawa bayan haka, tana gaishe ni sama-sama, don a wurinta ni ɗiya ce da aka aika. Ke take tsinewa.

Shekarar da ta biyo kika nemo kaura daga danginku, kika zaɓa, kika ɗaure, kika rataye a gurbinta. Bawa ya ce ko za a sake mata suna, tunda abin ya zama abin gori a gari. Kika ce, “Mai sunan bai yi ƙarya ba. Mu muka yi.” Na ji wannan “mu” ɗin, Inna. Ina tsugune ina wanke tukunya na ji shi, na ci gaba da wanke tukunya. Masu zuwa karɓar iri suka ragu, wasu ba su sake dawowa ba har kika tsufa. Kina bin ɗaurinki da muciya kowace safiya kamar da, sai dai muryar ta yi ƙasa.

Na yi aure, na haihu, na aurar. Hajjo ta rasu ban je ba. Ranar da kike jinyar ajali, da rana tsaka, kika ce in kira miki sunayen, kina lanƙwasa yatsu. Da na zo kan Mashaidi Mai Aminci kika riƙe yatsan, kika zuba mini ido kina jira. Na gyara miki mayafi na wuce na gaba. Wannan ya fi ci mini rai fiye da ƙwaryar da na miƙa wa Hajjo, don lokacin ba yarinya ba ce ni.

Abin da ya tono maganar shi ne faston da muke da shi yanzu, yaro ne mai kirki, sa'an jikana, yana da son tsara abu a takarda. Ya kawo mini jerin sunayen Ubangiji da ke nuna gaskiyarsa da Allahntakarsa, ya ce in koya wa mata a taronmu na Laraba, wai duk ikilisiya ba wanda ya kai ni saninsu. Da gaskiyarsa, na san su. Na duba takardar, sai ga ɗakin girkinki a jere, Amintacce a kan gaba. Larabar farko na tsaya gaban mata na buɗe baki, na ce tari ya kama ni. Ta biyu na aika cewa gwiwa ce. Kin ga, a kan darasin gaskiya ma sai da na ƙara ƙarya biyu.

A satin nan da na zauna gida na yi ta juya sunayen, na kuma ga abin da ban gani ba duk shekarun da nake rera su. Ni ina ɗaukarsu kirari ne, a yi wa Ubangiji a ji daɗi. Ashe kowanne yana da aikin da yake yi a kan mai kiransa. In Allah Rayayye ne, to yana bayan ɗakin nan ranar da nake sheƙa. In Mashaidi ne Mai Aminci, shaidarsa ba ta canzawa don mai laifin tasa ce, ba za ta kuma ruɓe don an binne Hajjo an binne ki ba. In shi ne Farko da Ƙarshe, shekarun da na jera ina jira maganar ta tsufa ba su rage mata komai ba a wurinsa. Na ji tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Amma sunan da ya kore ni shi ya dawo da ni. Wanda ba ya ƙarya a kan laifina, ba zai yi ƙarya a kan gafarar da ya yi alkawari ba. Ke kin san wannan tun kina tankaɗe, ni sai da furfura ta gama da ni.

Ranar Juma'a na hau bayan babur na tafi Wagini, gwiwar da na yi ƙarya da ita tana rama wa kanta a kowane rami. Na tarar da Dije a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ta tsufa, Inna, ta rame, ta koma Hajjo sak. Muka gaisa doguwar gaisuwa, gida da jikoki da shanu da ruwa, har gaisuwa ta ƙare ba abin da ya rage sai abin da ya kai ni. Na gaya mata duka, da murhun gindin bedi, da sheƙa uku, da farfarar Bawa. Na ce mata kina Safana, ba ki san komai ba sai da kika dawo.

Ba ta daina ɓarar gyaɗar ba sai da na gama. Na zaci za ta yi maganar karsanarta, na ma shirya abin da zan ce. Ba ta ambace ta ba. Ta ce tun tana budurwa ba a taɓa kiran sunanki a gabanta ba ta bi shi da mugun baki ba, ta koya wa 'ya'yanta, su ma sun koya wa nasu, har a gidansu in iri ya ƙi fitowa cewa ake yi ya yi na Tabawa. Ta ce, “Kin sa na ci naman baiwar Allah da ba ta yi mini komai ba, tana raye na ci, tana kabari na ci. Wannan wa zai sauke mini ranar tsayuwa?”

Ta kira surukarta da jikokin da ke kusa, ta sa na maimaita a gabansu, na maimaita. Ta ce daga yau wanda ta ji ya sake faɗin kalmar nan a gidan, ita da shi. Ta sa aka dama mini fura, don baƙo baƙo ne. Na tambaye ta ko ta yafe mini. Ta ce in ba ta lokaci, ita ba ta iya abu da gaggawa ba, kuma ba za ta ce mini e da baki alhali cikinta bai ce ba. Na ga gaskiyarta. Har yau ban ji daga gare ta ba, kuma ban san ko zan ji ba.

Da ta rako ni bakin zaure ta riƙe mini hannu ta ba ni saƙon. Ta ce tunda mu muna cewa kina raye wurin Allah kina ji, ni ce ɗiyarki, ni na san yadda zan yi in isar. Ga shi yadda ta faɗa, ban ƙara ban rage ba: “Ki ce wa Inna Tabawa, Dije ɗiyar Hajjo tana gaishe ta. Ki ce ban sani ba. Ta yafe mini.”

Na isar, Inna. Nawa kuma kin riga kin san shi tun ranar yanar gizo, amma ba ki taɓa jin sa daga bakina ba, to ga shi. Ni ce na bar ɗakin ya yi sanyi. Ni ce na ba Hajjo mataccen iri da sunanki da sunan Ubangijinki a kai. Kika ɗauki kayan kika tafi da shi har kabari kina jirana, ban zo ba. Ki yafe mini, uwata.

Jibi Laraba. Zan tsaya gaban mata da takardar fasto, amma da wasiƙar nan zan fara, sannan mu shiga suna na farko.

Ubangiji Amintacce, Allah na Gaskiya, wanda ya rantse da kansa don ba wanda ya fi shi, ya riƙe ki a cikin hutunsa. Ya ji ƙan Hajjo yadda shi ya sani. Ya sanyaya zuciyar Dije, ya sauke mata nauyin da ni na ɗora mata, ya albarkaci gonar jikokinta. Ni kuma ya tsare bakina a 'yan kwanakin da suka rage mini. Amin.

Kaurarki tana nan, jikokin Bawa ke shuka ta. Ɗaurin bana yana rataye a ɗakina, kuma na hura wuta yau da safe.

Ɗiyarki,
Kande